Babbar bindiga mai harsashin milimita 12.7: tana fasa tanka, kuma me ya hana a raba wa kowane soja?

Malam, ka ce ka ga hotunan sojoji kwance a ƙasa da wata doguwar bindiga mai ƙafafu biyu, ka kuma ji ana cewa tana fasa tankar yaƙi, tana kaiwa kilomita biyu. Shi ne kake tambaya ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne me ya hana a raba wa kowane sojan ƙasa irinta a huta.

Kaiwa kilomita biyu gaskiya ne, har ma takan wuce. Fasa tanka labarin da ne, ya ƙare tun wajen 1943. Raba wa kowa kuwa, duk kwamandan da ya yi haka ya karya rundunarsa da hannunsa. An ƙera wannan bindiga ne don lalata kaya: injin mota, na'urar rada, jirgin da ke ajiye a fili, motar da sulkenta bai yi kauri ba, bam ɗin da ya faɗo bai tashi ba. Harbin mutum aiki ne na biyu a wurinta, kuma akwai bindigogin da suka fi ta dacewa da shi. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Mu fara da harsashin, domin shi ne ke yanke wa bindigar siffarta. Lambar da kake ji faɗin ramin bututun bindiga ne. Na AK-47 milimita 7.62 ne, na M16 milimita 5.56. Manyan da muke magana a kai suna farawa daga 12.7: akwai 12.7x99 na Amurka da ƙawancen NATO, akwai 12.7x108 na Rasha, sai 14.5x114 wanda shi ma daga Tarayyar Sobiyet ya fito, sai kuma masu milimita 20. Lamba ta biyun tsawon kwanso ne, wato gidan albarushi. Kada faɗin ya ruɗe ka ka ce ai 12.7 ko ninki biyu na 7.62 bai kai ba. Ƙwayar harsashin AK nauyinta wajen giram 8 ne, ta 12.7 wajen giram 42, ta 14.5 kuma ta haura giram 60. In aka auna ƙarfin da kowanne ke fita da shi daga bakin bindiga, na AK wajen jul 2,000 ne (jul ma'aunin ƙarfi ne), na 12.7 wajen 18,000, na 14.5 ya haura 30,000.

Mutane da yawa suna zaton gudu ne sirrin. A'a. Harsashin M16 yakan bar bakin bindiga da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa guda, na bindigar Barrett mai 12.7 kuwa wajen mita 850 ne. Ka ga ƙaramin ma ya fi saurin tashi. Bambancin yana wajen riƙe gudun. Iska ce ke cinye harsashi a hanya, kuma fuskarsa take tokara. In ka ninka girman harsashi sau biyu ta kowane ɓangare, fuskar da iska ke tokara za ta ninku sau huɗu, amma nauyinsa zai ninku sau takwas. Nauyi ya yi wa tokarar iska nisa ke nan. Shi ya sa ƙaramin harsashi ke yin laushi bayan 'yan ɗaruruwan mitoci, babban kuwa har wajen mita 1,500 yana gudun da ya fi na sauti, kuma iskar gefe ba ta kautar da shi kamar yadda take yi wa ƙarami. Amfani na biyu shi ne fili. Cikin ƙwayar 12.7 akwai wurin da za a cusa abubuwa. Harsashin Raufoss Mk 211 da ake ƙerawa a Norwe yana ɗauke da sinadarin kunna wuta a baki, da ɗan abin fashewa, da wata ƙwaya mai taurin gaske ta ƙarfen tungistin a ciki. In ya bugi jikin mota ko jirgi, ƙwayar ta huda, wutar ta biyo ta ciki. Harsashin 5.56 ba shi da cikin da zai ɗauki wannan kaya.

Asalin wannan bindiga, tanka ce ta haife ta. Birtaniya ta fara shigar da tankoki fagen daga a watan Satumba na 1916 a yankin Som na Faransa. Sulken tankokin farko bai wuce milimita 12 ba. Jamus ta amsa a 1918 da Mauser T-Gewehr mai harsashin milimita 13.2, wadda a zahiri bindigar soja ce ta yau da kullum aka kumbura ta: harsashi ɗaya ake sa mata da hannu, nauyinta ya haura kilo 15, ba ta da komai na rage naushi, kuma tana huda ƙarfe mai kaurin wajen milimita 20 daga mita 100. Sojojin da ke harba ta sun sha wuya a kafaɗa, amma ta yi aikin da aka yi ta dominsa. A wannan zamanin ne kuma John Browning ya ƙera babbar mashinga a Amurka tare da harsashin 12.7x99, wanda aka karɓa a 1921 kuma har yau shi ake amfani da shi.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu rundunoni da dama sun tanadi tasu. Birtaniya tana da Boys mai milimita 13.9 tun 1937. Finlan tana da Lahti L-39 mai milimita 20, mai nauyin wajen kilo 50, wadda sojojinta suka yi wa laƙabi da bindigar giwa. Tarayyar Sobiyet ce ta fi kowa cin moriyar irin wannan makami, domin a 1941, sa'ad da tankokin Jamus suka kutsa mata, ta fito da PTRD da PTRS masu 14.5 cikin gaggawa, ta ƙera ɗaruruwan dubbai. Suna huda milimita 35 zuwa 40 daga kusa. Gaban tanka ya fi ƙarfinsu, amma gefenta bai fi ba. Abin da ya fi nuna mini yadda suka addabi Jamusawa shi ne faranta masu kaurin milimita 5 da aka riƙa rataya wa tankoki a gefe daga 1943. Mutane kan ɗauka don roka aka yi su, alhali don waɗannan bindigogin ne: siririn farantin ya karkatar da harsashin, ya isa ainihin sulken a kaikaice, ƙarfinsa ya ragu.

Sai dai tseren ba na kunnen doki ba ne. Mai ƙera tanka yana iya ƙara kaurin ƙarfe ya ƙara girman inji, mai ƙera bindiga kuwa kafaɗar ɗan'adam ce iyakarsa. Tankar Tiger ta Jamus ta 1942 gabanta milimita 100 ne. Daidai lokacin ne aka samu wata dabara dabam, kan makami mai ramin mazurari, wanda fashewarsa ke tattara ƙarfe ya zama tsinke ya huda sulke. Hudawarsa ba ta dogara da gudun makamin ba, saboda haka ana iya cilla shi a hankali ba tare da ya karya mai harbi ba. Bazuka ta zo a 1942, PIAT ta maye gurbin Boys a 1943, Panzerfaust ta Jamus ita ma a 1943. RPG-7 ta 1961, mai nauyin wajen kilo 7, tana huda abin da ya haura milimita 250. Kwatanta wannan da wajen milimita 20 na harsashin 12.7. Tankar yau, abin da babbar bindiga za ta iya yi mata shi ne ta fasa mata madubin hange, ko eriya, ko na'urorin da ke waje, ta bar ta makauniya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba shi ne fasa tanka ba. Motocin ɗaukar sojoji masu sulke marar kauri kuwa har yanzu suna shakkarta. Ma'aunin sulke na NATO mai suna STANAG 4569, mataki na huɗu a cikinsa shi ne mota ta jure harsashin 14.5x114 daga mita 200, kuma motoci da yawa ba su kai wannan matakin ba.

Bayan yaƙin bindigar ta kwanta shekaru. A Biyetnam, a 1967, wani sojan kundumbalar ruwa na Amurka, Carlos Hathcock, ya ɗaura madubin hangen nesa a kan mashingar M2, wato babbar mashingar nan ta Browning mai 12.7, ya riƙa harba ta ɗaya-ɗaya, ya samu mutum daga mita 2,286. Sai a 1982 Ronnie Barrett, mai ɗaukar hoto a jihar Tenesi wanda ba injiniyan makamai ba ne, ya zana bindigar kafaɗa mai cin harsashin M2, wadda ake kira Barrett M82. Suwidin ce ƙasar farko da sojojinta suka saye ta, a 1989. Amurka ta biyo baya gab da yaƙin Tekun Fasha na 1991, daga baya sojojin ƙasarta suka sa mata suna M107. Yau akwai Hécate II ta Faransa, HS .50 ta Ostiriya, OSV-96 ta Rasha, NTW-20 ta Afirka ta Kudu da sauransu. Abin da ya dawo da ita shi ne fagen daga ya cika da kaya masu tsada marasa sulke.

Yanzu ga wurin da ainihin ƙira take, wato naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Duk abin da ya tura harsashi gaba yana tura bindiga baya daidai gwargwado. Giram 42 a gudun mita 850: da bindigar mai nauyin kilo 4 ce kamar ta sauran sojoji, da za ta dawo baya da gudun mita 9 a daƙiƙa, tun ba a lissafa turin hayaƙin albarushi ba. Wannan harbin jaki ne a ƙashin wuya. Duk wani abin da ka gani a jikin babbar bindiga, don magance wannan aka sa shi.

Magani na farko nauyi ne. Barrett M82 wajen kilo 14 ce babu harsashi, kuma da gangan ba a rage ta sosai, domin nauyin shi ke shanye naushin. Na biyu shi ne wannan ƙaton ƙarfe mai tagogi da ke bakin bututu, birkin baki. Da harsashi ya fice, hayaƙin da ke binsa ya bugi bangon birkin, ya fita ta gefe yana karkata baya, sai ya ja bindigar gaba. Wannan kaɗai yana rage naushin da fiye da rabi. Na uku, a bar bututun ya motsa. A M82 bututun yakan ja baya wajen milimita 25 a kan sifirin kafin sakata ta rabu da shi ta ci gaba da tafiya, saboda haka naushin yana isa kafaɗa a miƙe kamar turi, ba a dunƙule lokaci guda ba. NTW-20 ta ƙara da na'urar mai irin ta shanye gargada, kuma ana raba ta kashi biyu mutum biyu su goya. RT-20 ta Kuroshiya ta bi wata hanyar: tana zarar wani kaso na hayaƙin ta bututu na biyu da ke bi ta saman kafaɗa ya fita baya, don haka ba a tsayawa a bayan mai harba ta, ba a kuma harba ta a jingine da bango.

Kowane allazi da nasa amanu. Birkin bakin da ya ceci kafaɗa shi ke tona asirin mai harbi. In an harba a busasshiyar ƙasa, ƙura takan tashi dama da hagu, ciyawa ta kwanta, tsakuwa ta watse, kuma wanda ke nesa yana ganin wurin sarai. Shi ya sa ake shimfiɗa kyalle ko a jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin bakin bindigar, kuma ba a daɗewa a wuri ɗaya. Bugun iskar ma ba wasa ba ne. Wanda ya kwanta daidai gefen birkin zai ji shi a fuska da ƙirji da haƙora, don haka abokin aikin mai harbi yakan kwanta ta bayan kafaɗarsa. Ana toshe kunne da abin toshewa a ɗora wani a kai, duk da haka ciwon kai bayan yawan harbi sananne ne ga masu wannan aiki, balle a cikin ɗaki inda bango ke dawo da bugun. Ni dai ina ganin wannan ɓangare ne da ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba shekaru da dama, domin lahanin da yake yi wa ji da ƙwaƙwalwa ba ya nunawa a ranar.

Akwai kuma ciniki tsakanin sauri da saiti. Bututun da ke motsi ba ya komawa daidai inda ya taso kamar wanda aka ɗaure tamau. M82 tana cin harsashi 10, tana ɗora na gaba da kanta, amma in aka ba ta harsashin mashinga na gama-gari, a mita 1,000 harsasanta kan warwatsu a filin da ya haura rabin mita. Ga injin mota ko jikin jirgi wannan ya wadatar. Bindiga irin McMillan TAC-50, wadda ake ja wa sakata da hannu, in ta samu harsashin da aka auna da kyau, takan tara su cikin abin da bai kai santimita 30 ba a wannan nisan. Kowacce da aikinta.

A fagen daga mutum biyu ne ke tafiyar da ita, mai harbi da mai duba. Mai duban shi ke auna nisa da na'urar lesa, ya karanta iska, ya lissafa zafin rana da tudun wurin, ya faɗi gyaran da za a yi wa madubi, sannan ya bi harsashin da ido ya ga inda ya sauka. Ayyukan da ake tura su sun haɗa da tsayar da mota ta hanyar fasa mata inji, lalata rada ko na'urar sadarwa ko tankin mai, kashe bakin mashingar da ta fi ƙarfin ƙananan bindigogi nisa, da cim ma maharbin da ya fake bayan bangon bulo. Masu tsaron gaɓar teku na Amurka suna harbin injin jiragen ruwan masu fasa-ƙwauri da ita daga helikwafta, jirgin ya tsaya ba a kashe kowa ba. Aikin da na fi daraja shi kuwa shi ne na masu kwance bam: nakiya ko gurnetin da bai tashi ba, maimakon mutum ya rarrafa ya je kansa, sai a harbe shi daga nesa ya tarwatse.

Game da labaran harbin nesa da ake yayatawa, gaskiya ne sun faru, amma suna ɓatar da mutane. Rob Furlong na Kanada ya samu mutum daga mita 2,430 a Afganistan a 2002 da TAC-50, kuma sai a harbi na uku ya same shi. A 2017 wani sojan Kanada ya yi daga mita 3,540 a Iraƙi, harsashin ya yi kusan daƙiƙa 10 a sama. Cikin daƙiƙa 10 iska ta sauya, wanda ake hari ya taka ya bar wurin. Gwaninta ce ta haɗu da sa'a, kuma ba a gina tsarin yaƙi a kan haka. Lura kuma da cewa Craig Harrison na Birtaniya ya zarce Furlong a 2009 da mita 2,475, da bindiga mai harsashin .338 Lapua Magnum, milimita 8.6 kacal, mai nauyin wajen kilo 7. Rabin nauyi, nisa kusan ɗaya. Wannan ne ya sa na ce maka in mutum ake nema, akwai waɗanda suka fi ta dacewa.

Za ka ji ana cewa dokar yaƙi ta hana harbin mutum da 12.7. Babu wannan hanin a kan harsashi na gama-gari. Inda magana take shi ne harsashi mai fashewa: Yarjejeniyar San Fitasbag ta 1868 ta hana amfani da mai fashewa wanda bai kai giram 400 ba a kan mutane, kuma a kan haka ne ƙungiyar Red Cross ta nuna damuwa game da irin Raufoss. Zancen cewa iskar harsashin kaɗai tana cire hannu in ya wuce kusa da mutum kuma ƙarya ce.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Lissafi kawai za mu yi. Sojan Amurka yakan ɗauki harsashi 210 na 5.56, kowanne wajen giram 12, jimla wajen kilo biyu da rabi. Harsashin 12.7 guda ɗaya da kwansonsa wajen giram 115 ne. Wato a nauyi ɗaya zai ɗauki 22 kawai, ga bindigar kanta ta ƙara masa kilo 10 a kan tasa, tsawonta kusan mita ɗaya da rabi. Ba zai yi gudu da ita ba, ba zai yi saiti a tsaye ba, ba zai juya da ita a lungu ko matakalar bene ba, fitowa daga mota ma aiki ne. Binciken da Jamus da Amurka suka yi kan faɗace-faɗacen Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna yawancin musayar wutar sojojin ƙasa tana faruwa ne cikin mita 300, kuma mafi yawan harsasan ana harba su ne don a hana abokin gaba ɗaga kai yayin da wasu ke matsawa. Wannan aiki yawan harsashi yake so. Shi ya sa Jamus ta fito da StG 44 mai gajeren kwanso, Sobiyet ta biyo da AK, Amurka ta bar M14 mai 7.62x51 ta koma M16. Ko da Amurka ta sake waiwayar ƙarin ƙarfi a 2022 saboda rigunan sulke, milimita 6.8 ta zaɓa.

Akwai dalilin da ya fi nauyi damuna. Harsashin 12.7 yana ratsa bangon gida ya shiga na gaba, in kuma ya kuskure yana iya tafiyar da ta haura kilomita 6 kafin ya faɗi. A garin da ke da mata da yara a bayan kowane bango, ba makamin da za a danƙa wa wanda ya firgita yana harbi barkatai ba ne. Dole mai riƙe da ita ya san abin da ke bayan abin da yake hari, kuma irin wannan horon ba a yi wa dubban mutane.

Don haka 'yan kaɗan ake ba kowace bataliya, a hannun sashen gwanayen harbi, injiniyoyi masu kwance bam da dakaru na musamman, kuma galibi sai aikin ranar ya bukaci a ɗauko ta. Matsayinta ma yana raguwa ta ɓangarori biyu. Sojojin ƙasa na Amurka sun zaɓi Mk 22, wadda ake sauya wa bututu tsakanin 7.62 da .300 da .338 Norma Magnum, domin ta karɓi yawancin aikin M107. A yaƙin Yukiren kuma ƙananan jirage marasa matuƙa suna lalata motoci da rada daga nisan da babu bindigar da ke kaiwa. Duk da haka Yukiren ɗin ta ƙera tata mai 14.5, Snipex Alligator, tana aiki da ita, domin ana iya toshe siginar jirgi marar matuƙi ko iska mai ƙarfi ta hana shi tashi, alhali motar da ta doso shingen bincike a guje tana bukatar a fasa mata inji cikin daƙiƙa biyu ko uku.